Ciwon Asabar

Allah da ya ba mu Kawu ya karɓi abinsa a ranar farko da ya koma aiki bayan hutun Babbar Sallah. Yayan mahaifiyata ne, masaƙin gwado kuma mai ɗinkin katifar auduga a Jega. Shi ya ɗauki nauyin karatuna tun ina 'yar mitsitsiya har zuwa binciken da nake yi yanzu a jami'a a Aliero. Na zauna rubuta wannan don kada a manta da shi, kuma don tsoron da ke cikina ya hana ni zama shiru.

An zo gaisuwa sosai. Manoman Karaye da yake sayen auduga a hannunsu sun cika zaure, suna tambayar juna wa zai sake tsayawa ya yi cinikin buhu biyu da mutum kamar na tirela. Tsofaffin matan Andarai masu yi masa kaɗin zare sun zo a bayan a-kori-kura, ɗaya daga cikinsu tana kuka tana cewa ita ba ta san ɗanɗanon sukari a shayi ba sai da ta fara yi masa zare. Dillalan albasa na Aliero suka ce mutumin kirki ne, taurin kai kawai ya yi masa yawa, sun yi sun yi ya bar tsummokara ya shigo harkar albasa ya ƙi. Malamata da ke duba bincikena, Kirista ce 'yar kudu, ta ari mayafi ta zauna cikin mata, duk wanda ya shigo ta ce masa "sai haƙuri", don iyakar Hausarta ke nan.

Ni kuwa wani abu daban nake lura da shi. Duk lokacin da ɗan gidan ya yi tari, sai hira ta yanke, baƙi su ɗan muskuta su ja baya a kan tabarma. Kowa a unguwar ya san tarin gidanmu. Shi ya kashe Kaka, mahaifin Kawu da Inna mahaifiyata, shi ya kashe ƙaramin kawuna tun bai yi furfura ba, ga shi yanzu ya ɗauke babban. Wasu suna cewa gado ne a jini, wasu suna cewa asiri aka yi wa gidan tun zamanin kakanni. Wanda ya fi kowa tari a wurin makokin kuwa shi ne Yaya, babban ɗan Kawu, taubashina, mai 'ya'ya ƙanana.

Washegarin jana'iza, da hantsi, gida cike da mutane, sai muka ji ƙarar bakan shiɓa daga ɗakin auduga. Bakan shiɓa shi ne wanda ake kaɗa tsirkiyarsa a cikin auduga don ta warware ta yi laushi, kuma duk wanda ya tashi a gidan ya san sautinsa ko cikin barci. Mata suka kalli juna. Wata ta ce a hankali, amma yadda kowa zai ji, ashe akwai ɗan da ba zai iya jira ƙasar kabarin ubansa ta bushe ba. Inna ta tashi fuskarta a murtuke, ta je ta buga ƙofar, Yaya ya fito gashin idonsa duk fari. Ta aika aka kawo kwaɗo ta datse ɗakin, ta ɗaure makullin a bakin zaninta, ta ce ba mai sake shiga sai an yi addu'ar bakwai.

Yaya ya bi ta har madafa, ina tsaye ina ji. Ya durƙusa ya ce, "Gwaggo, ki ba ni makullin ga don Allah. Ba don aiki na ba. In ƙirjina ya manta ƙurag ga, ran da nik koma kashe ni za ta yi, kamar yadda tay yi ma Baba."

Inna ta ce mutane sun riga sun yi da gidan, ba za ta bari a ƙara ba. Ni kuwa na san akwai gaskiya a rabin maganarsa. Sai na koma baya kaɗan kafin a gane dalili.

Kawu dogo ne siriri, mai ɗan rankwafawa, ba ya magana da sauri saboda numfashi ba ya isarsa. In zai faɗi magana mai tsawo sai ya raba ta gida-gida, ya huta a tsakani, har baƙo ya ɗauka tsabar natsuwa ce. Ba ya zuwa gaban Inna sai ya tsaya a ƙofa ya kakkaɓe audugar gemunsa, wai kada ƙanwarsa ta ɗauka tsufa ne ya kama shi. Yana son nono mai tsami fiye da kima, kullum ya fito daga ɗakin auduga sai ya sha ƙwarya guda, ya ce yana wanke maƙogwaro ne. Masaƙarsa tana waje a ƙarƙashin rumfa, kowa na iya zama kusa da shi ya yi hira. Ɗakin shiɓa ne ba ya wasa da shi. In za a yi aiki sai a rufe ƙofa ruf, a toshe 'yar tagar da tsumma, a shimfiɗa buhu a ƙasan ƙofa. Haka ya ga ubansa yana yi, haka ya koya wa Yaya. Dalilinsa kuwa ba na banza ba ne: shiɓaɓɓiyar auduga ba ta da nauyi, ɗan motsin iska kaɗan ya isa ya kwashe aikin yini, abin da ya rage kuma ya yi datti. "Iska ɓarauniya ta," in ji shi, kuma ya faɗi wannan ya fi a ƙirga.

Ni dai tun ina yarinya ba ya bari in taka ko dokin ƙofar ɗakin. Da ya hango ni sai ya ɗaga ƙoshiyar saƙa kamar zai jefe ni, in ruga ina kuka in kai ƙara wurin Inna. Yaya ya samu abin tsokana. Da ma tsakanin ɗan namiji da 'yar mace wasa ne, "baiwata" yake kirana, sai ya leƙo ta ƙofa kansa duk auduga ya ce ɗakin 'ya'yan sarauta ne, bayi ba su shiga.

Akwai abin da Kawu ya lura da shi, wanda ya raɗa wa suna ciwon Asabar. Ranar Juma'a ba a shiɓa, ranar masallaci ce da kai kaya kasuwa. To duk Asabar in suka koma ɗakin, kafin rana ta take sai ƙirji ya ɗaure kamar an ja shi da igiya, numfashi ya riƙa fita da fito. Lahadi da ɗan sauƙi, kafin Laraba mutum ya manta, sai wata Asabar ta zagayo. In hutun ya yi tsawo, ciwon ranar komawa ya fi tsanani. Abin da Kawu ya fahimta daga nan shi ne hutu ne mugun abu, yana lalata ƙirji kamar yadda zama ke lalata jaki. Shi ya sa ya tsani bukukuwa. Ko ranar sunan jikansa sai da ya sulale ya shiga ɗakin ya ɗan kaɗa baka, ya fito yana murmushi wai ya gaisa da ƙura.

Lokacin da na gama sakandare, wasu a dangi suna ganin ya isa haka. Kawu ya kira ni rumfar saƙa, ya ce in zauna. Ya daɗe yana jefa ƙoshiya kafin ya yi magana.

"Ɗiyata, ki tahi makaranta ki biɗo muna abin da ka cin ƙirjinmu. Mu mun san zahinai, ba mu san sunanai ba."

Yadda ya biya karatun ma labari ne. Duk mako, gwadon farko da ya sauko daga masaƙa ba na gida ba ne. Sai ya saka masa layi ɗaya na koren ulu a gefe, ya ce wannan gwadon makaranta ne, ko ba hatsi a gidan ba a taɓa shi. Da shi na yi digiri a fannin kimiyya. Da na zo yin digiri na biyu na ce zan binciki ƙurar auduga, sai muka nemi tallafin bincike a wurare da dama ni da malamata. Amsar kusan iri ɗaya ce: manyan masaƙun zamani sun rufe, wa ya damu da ɗakin shiɓa a lungun Jega? Na dawo gida idona ya kumbura. Kawu bai lallashe ni ba, ba halinsa ba ne. Ya sa hularsa ya bi sauran masaƙan da suka rage a garin, tsofaffi ne 'yan kaɗan, ya kai wa kowa ƙullin koren ulu ya ajiye masa a kan masaƙa, ya yi sallama ya wuce. Ba wanda ya roƙa. A makon nan gwaduna masu koren layi suka fara taruwa a zaurenmu. Duk wanda ya taɓa sayen gwado mai koren gefe a kasuwar Jega, to ya sani ya sa hannu a karatuna.

Bincikena yana buƙatar a auna ƙurar da ke cikin ɗakin. Na aro wata 'yar na'ura daga sashenmu, ana maƙala ta a wuyan riga tana zuƙar iska kamar yadda hanci ke yi. Na zo da shirina zan shiga, ga ni babbar mace mai digiri, Kawu ya tare ƙofa. Ya karɓi na'urar ya rataya a wuyansa, ya ce layar Turawa ce, shi zai yi yini da ita, ni in jira a rumfa. Da yamma na buɗe ta. 'Yar farar matatar da ke ciki ta koma ruwan toka, ta yi kauri kamar ƙanzo. Na riƙe ta a tafin hannuna ina kallon Kawu yana shan nononsa. Abin da yini ɗaya ya tara ke nan, shi kuwa tun yana yaro yake shaƙa.

Sunan ciwon ban sha wuyar samu ba. Sananne ne a wurin ma'aikatan masaƙu a ƙasashe da yawa, su ranar Litinin yake kama su don Lahadi suke hutu. Ba jini ba ne, ba asiri ba ne. Ƙurar ɓawon auduga ce da guntayen ganyen da ke maƙale a jikinta, ita ke kumbura hanyoyin numfashi, shekara da shekaru har su ƙi komawa daidai. Nono ba ya kai wa can. Hutu kuma ba shi ne cutar ba, yana tona ta ne kawai. Maganin farko shi ne a rage ƙurar: a buɗe ɗaki, ko a fito waje, a rufe hanci da takunkumi, wanda abin ya yi wa nisa kuma ya bar aikin ya ga likita.

Ranar da na kai masa wannan bayani ita ce ranar da muka yi faɗan da ba mu taɓa yi ba. Na zo da ɗoki, ina ganin na kawo abin da aka aike ni. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ajiye ƙoshiya.

"Mun aike ki biɗan magani, kin komo muna da taga? Gwaduna nawa munka kai kasuwa don a ce muna mu buɗe ƙohwa?"

Ni ma bakina ba ya mutuwa. Na ce masa ai ƙofar ce maganin, in ya fi son kwalba sai in zuba masa ruwa a ciki in rubuta sunan Turanci. Na ce ɗakin nan kabari ne da aka yi wa rufin kwano. Ya ce in ya fito da auduga waje, rabi iska za ta ci, rabi ya yi ja, masu kaɗi su raina shi, wanda ya saba sayen farin gwadonsa ya koma wa bargon kanti. Takunkumin da na kawo ya gwada sau ɗaya ya ce shi ke hana shi numfashi, ya ba jikokinsa suna wasan likita da shi. Daga nan na ce to a daina gwadon makaranta, ba zan ci gaba da karatu da ƙirjinsu ba. A nan ne ya yi fushi na gaske. Ya ce ba ni na fara gwadon ba, ba ni zan tsayar da shi ba, kuma in na bar binciken a rabi, wa zai samo hanyar da za a raba auduga da ƙurarta kafin 'ya'yan Yaya su girma su shiga ɗakin? Shi abin da yake jira ke nan, hanyar da za a tsabtace auduga tun kafin a shiɓa ta, a ci gaba da aiki ƙofa a rufe. A kan haka nake aiki har yau, ban kuma gama ba.

Makonni ba ya amsa gaisuwata sai da ka. Sulhun ma ba da baki aka yi ba. Na dawo daga Aliero wata Alhamis na tarar ya cire tsumman tagar, ya bar ta a buɗe faɗin tafin hannu. Ya nuna mini da haɓa ya ce ga maganina nan ya sha. Iyakar abin da ya yarda da shi ke nan.

Babbar Sallar bana ta zo da hutu mai tsawo, ga baƙi, ga ɗaurin auren wata jikar gidan da aka haɗa da ita, ɗakin shiɓa ma an zuba kayan gara a ciki, Kawu bai samu shiga ba ko sau ɗaya. Matarsa ta ce da safen da zai koma ya daɗe zaune a bakin gado, ya ce mata ƙirjinsa ya huta da yawa. Ya shiga ya ja ƙofa. Yaya yana rumfa yana saƙa, yana jin bakan, sai ya ji shiru. Da ya tura ƙofar ya same shi zaune ya jingina da bango, bakinsa a buɗe, leɓɓansa sun yi baƙi. An kai shi asibiti, sun yi iya ƙoƙarinsu, bai kai azahar ba.

To wannan Yaya ya gani da idonsa, sannan aka datse masa ɗakin na mako guda. Kwanakin nan ban taɓa jin tsoro irin nasu ba. Ina zaune cikin mata ana addu'a, kunnena yana zaure yana bin tarinsa. In ya yi shiru in tsorata, in ya yi tari in tsorata. Shi ma ya rame, ya daina tsokanata, in mun haɗu a tsakar gida sai ya kau da kai. Na same shi a bayan rumfa na ce masa gaskiya ne ranar komawa ta fi kowace rana haɗari, amma mafita ba ita ce satar shiga ba, mafita ita ce kada ya koma ɗakin nan sam. Ya ce masu kaɗi suna jiran auduga, akwai gwadunan da aka yi alkawari kafin sanyi, kuma Baba ya bar wasiyya kada a yanke gwadon makaranta. Na ce ba zan karɓa ba. Ya ce ai ba ni aka bar wa wasiyyar ba. Abin da kawai na ci nasara shi ne na ja shi asibiti, likita ya saurari ƙirjinsa ya girgiza kai, ya ce ya nisanci ƙura, ya rubuta masa maganin shaƙa irin na masu asma. Yaya ya jefa shi aljihu kamar goro.

Na koma wurin Inna na faɗa mata komai, har abin da ban taɓa faɗa mata ba don kada ta tsorata. Ta saurara tana murza makullin da ke bakin zaninta.

Washegarin addu'ar bakwai, da sassafe, Yaya ya zo ya miƙa hannu. Inna ta wuce shi ta buɗe ɗakin da kanta, ta kira matan gidan, suka shiga janyo buhunan auduga suna zubewa a gindin darbejiyar tsakar gida. Ta ɗauko bakan ta ajiye a kai, ta mayar da kwaɗon ta datse.

"Ɗakin ga ya ci ubana, ya ci 'yan'uwana biyu," in ji ta. "Kai ba ya cin ka ina da rai. In shiɓa kaka so, ga hili."

Yaya ya tsaya kamar zai yi gardama, amma ba a musu da gwaggo a gaban mata. Na miƙa masa takunkumi, ya harare ni, ya ɗaura. Na ce ya juya wa iska baya. Ya zauna ya fara kaɗa baka, auduga ta shiga tashi tana tsallake katanga, tana maƙalewa a igiyar shanya da rufin maƙwabta. Da Kawu yana nan da ya yi kuka. Ba wanda ya tafi aikinsa, duk muna tsaitsaye muna yi kamar muna wani abu.

Da hantsi ya ɗaga sai bakan ya tsaya. Yaya ya fizge takunkumin, ya dafa ƙasa da hannu biyu, muka ji fiton nan yana fita daga ƙirjinsa. Matarsa ta fara salati. Na ruga na laluba aljihunsa, maganin ya suɓuce ya faɗi ƙasa, na ɗauka na sa masa a baki na ce ya ja. Ya ja, ya sake ja. Ina kallon leɓɓansa ina roƙon Allah kada su canza launi. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba, na dai san Inna ta riƙe kafaɗata har farcenta ya shige ni.

Sannu a hankali fiton ya ragu. Ya ɗago kai, idanunsa jawur, ya yi numfashi mai tsawo har ƙasa.

"Ya zo," ya ce. "Amma bai kai na kullum ba."

Ya dubi audugar da ta yi fari a kan katanga, ya girgiza kai, ya mayar da takunkumin ya jawo bakan. Na so in ce ya bari sai gobe, na san ba zai ji ba, sai na samu turmi na zauna a kai ina riƙe da maganin har ya tashi da azahar.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa makwanci, ya sa wahalar numfashin da ya sha ta zame masa kankarar zunubi. Tsakanin ƙofar ɗakin nan da gindin darbejiyar ko yaro mai rarrafe zai iya zuwa. Kawu ne ya dasa bishiyar da hannunsa, ya yi shekaru yana shan nono a inuwarta, bai taɓa fitowa da bakansa ya zauna a wurin ba.